Lamba Talatin da Bakwai

Ran Lahadi Gujungu ke ci,
ni kuwa tun Asabar nake lissafi.
Kuɗin roron gyaɗa a gonar Baba Nomau
na ƙulle a bakin zariya.
Ban taya ƙosai ba, ban kalli mai ƙanƙara ba,
sai tiredar Cindo, gindin darbejiya.

Wai cingam nake saya.
Cingam na Tasalla ne, ƙanwata,
ta tauna har zaƙi ya gudu,
ta liƙa a bayan kunne sai gobe.
Nawa shi ne ɗan katin da ke kwance a ciki,
hoton ɗan ƙwallo, lamba a ƙasa.

Ba a buɗewa a kasuwa.
Sai an dawo, an zuba wa awaki harawa,
an zauna kan fasasshen turmi bayan rumbu.
Ka goge hannu a riga,
ka sa farce ƙarƙashin takarda
a hankali, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai.
Ƙamshi ke fara fitowa,
sai gefen sama, sai goshi.
Kash! Mai sanƙon nan ne kuma.

Shi dai mai sanƙo, lamba sha huɗu,
ya bi ni kamar bashi.
Ina da shi goma sha ɗaya.
Na ba da biyar a kan ɗaya, aka yi mini dariya.
Biyu na maƙala a wilin keken Yaya,
suna ta ƙara kamar babur
har ya gane, na sha ranƙwashi.

Sittin ne cif, in ji bayan kwali.
Na yage lissafin Malam daga littafi,
na ja gida-gida da rula,
na manne su da ƙaron dakwara.
Hamsin da tara suka zauna.
Gida ɗaya ya rage
kamar giɓin bakin Tasalla.

Talle ya rantse ya gan shi a Ringim,
wai mai tsaron raga ne, riga ruwan ɗorawa.
Ilu ya ce ƙarya ne, baƙi ne wuluk kamar mu,
da tsaga a kumatu.
Aka ce wani yaro a Haɗeja
ya ba da zabuwa mai ƙwai a kansa.
Ni da dare nakan yi masa fuska,
in gobe ta yi in sake wata.

Shekarar da ruwa ya ci shinkafa,
Cindo ya ce an daina kawowa.
Ya kife kwalba, ya bubbuga gindinta,
guda ɗaya ta faɗo kan tebur.
Ya ce ɗauki, ka ci mini ciniki.

Na zo gida, na ba awaki harawa,
na zauna kan turmi, na goge hannu.
Farcena na kan takarda
har aka kira magariba.

Shekara ashirin da biyu ke nan.
Tana cikin gwangwanin madara
tare da rasidin taki da katin asibiti.
Cingam ya zama tsakuwa, ina jinsa ta waje.
Littafin kuwa gara ta yi rabonta,
ta cinye 'yan gaba, ta bar mai sanƙo.

Jiya ɗana Lawandi ya tono ta,
ya ɗaga a rana ko zai hango ciki.
Baba, mu buɗe mana.
Na ce bari dai sai Lahadi.

Tasalla ta zo ganin gida da 'ya'ya huɗu,
tana tsince wake a faifai,
ko ɗago kai ba ta yi ba.
Ta ce mai sanƙon nan ne, wallahi.
Ka buɗe, ka ba ni cingam ɗina.